Layin da Na Je Nema a Faransa

Damagaram zuwa Paris

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba motarmu ta bar Damagaram. Kilomita kusan ɗari tara, shingen jandarmomi sai da na gaji da ƙirga, muka shiga Yamai bayan magariba. Kashegari jirgi. A gida na ce likitan ido zan gani. Gaskiyar ita ce Lawali zan gani.

Shekara arba'in da suka wuce muna karta a tabarma, na tura kuɗina gaba. Lawali ya buɗe kartarsa, na ga ya ci ni, sai na janye na ce gyara su nake. Muka je gaban mai unguwa, na rantse da Allah. Aka ce Lawali maƙaryaci ne, ya bar gari. Yanzu yana kwance a Lyon, ni kuma ina son ya yafe.

Paris

Ɗan ƙanwata Isufu ya sauke ni a unguwar Belleville, ɗaki kamar akurki, shinkafa da kaza yuro goma sha biyu. A gida an ce a banki yake aiki. Ashe rabon karta yake yi a gidan caca, da farar riga da ƙulli a wuya.

Na tambaye shi yaushe tura kuɗi ke zama ajiya.

"Kawu, layi ne a zane a teburin. Jeto, wato ƙwandalolin roba da ake wasa da su, in sun ƙetare layi, sun shiga. In ba su ƙetare ba, kana iya janyewa."

"Ko abokin wasa ya buɗe kartarsa?"

"Gaggawarsa ce ta ja masa."

Na yi hamdala. Tsoho da furfura, na samu fatawa a bakin ɗan caca, har na ƙara nama.

Lyon

Ƙarfe tara jirgin ƙasa ya tashi, kilomita ɗari huɗu da wani abu, awa biyu cur. Daga tasha na hau taram, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa unguwar Bron. Na sami Lawali a kujera, ƙafafu a kumbure, bakin kuwa lafiya lau. Bayan gaisuwa na kwance masa fatawata.

"Alhaji Mamman, don ka karanta mini dokar Paris ka biya jirgi? Shekara ashirin ina share gidan caca a garin nan. Mu babu layi. Hannu ya yi gaba da jeto, shi ke nan, alƙalin ɗaki zai ce ka ajiye. Masu tura hannu don su karanta fuskar mutum, kora suke sha. To, a tabarmarmu wane layi ka gani?"

Na ce, "Na tura, Lawali. Na san na tura. Ka yafe mini."

"A nan? Ni da kai da bango? A Damagaram ka rantse, a can uwata ta rasu ana ce mata uwar maƙaryaci. Je ka faɗa a can, in labari ya iso ni, na yafe."

Ya sa aka ba ni fura. Na sha, ba ta wuce da daɗi ba.

Gida

Ranar Alhamis da la'asar na iso Damagaram lafiya. Ina gode wa Allah, da Isufu da ya ciyar da ni. Ku da kuka san maganar, da ku da kuka gaje ta daga iyayenku, ku ji: Lawali bai yi ƙarya ba. Ni na tura kuɗin, ni na rantse a kan ƙarya. Wanda ke da lambarsa, don Allah ya kira shi yau, don jikin nasa ba na jira ba ne.