Dokin Ƙofar Gidanmu

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, ruwa ya fara shigar mana gida a Zangon Sokode. Bayan azahar aka kece da shi, kafin la'asar tsakar gida ta zama tafki. Silifas ɗinmu suna yawo, kajin mahaifiyata sun haye katanga, itacen girki ya bi ta ƙofa ya tafi abinsa. Mu yara har murna muke, muna tseren jiragen takarda, sai da aka miƙa wa kowa kwano aka ce mu kwashe. Kakata, Kaka Adiza, tana kan gado ta naɗe ƙafafu tana mita. Ita ba kayan da suka jiƙe ne damuwarta ba. Ruwa ya hana ta zuwa wurin ƙawarta Mma Asana, wata tsohuwa Bakotokola da ƙofarta ke kallon tamu. Tun suna amare kullum da yamma suke zama a zauren Mma Asana, suna ɓarar agushi, suna caccakar mutanen layi da Hausa da Kotokolanci a gauraye.

Kowa ya san inda matsalar take. Kanibo, wato magudanar da ke bayan masallaci, ta toshe da leda da yashi da ƙasusuwan shanu, ga tsakar gidaje duk an shafe da siminti, ruwa ba shi da ƙasar da zai nutse. Aikin yini biyu ne in maza ashirin sun fito da shebur. To, wa zai fara? Wannan ya ce aikin lameri ne, wato hukumar gari, wancan ya ce mahauta suka toshe su buɗe, mahauta suka ce ledar masu koko ce. Sai Baba ya kira magini aka ɗora bulo layi ɗaya a dokin ƙofa. Ni na yi ta jidar yashi a ka har wuyana ya sage, ina jin na yi abin kirki.

Ruwa kuwa ba ya komawa sama. Da ya tarar an tare shi a ƙofarmu sai ya faɗa gidan maƙwabcinmu, Alhaji Mumuni mahauci. Alhaji ya ɗora layi biyu. Damina ta zagayo, ruwan ya dawo mana, Baba ya ƙara. 'Ya'yan Mma Asana su ma suka bi sahu. Haka aka yi ta gyaran gangar auzinawa, kowa tasa ta fisshe shi, a gaisa a masallaci lafiya lau, a fito ana satar kallon ƙofar juna. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Manya da gemunsu, a rasa mutum ɗaya mai cewa a zo a yashe kanibo! Keke sai an ɗaga shi, akuya sai an cicciɓe ta, matakalar da aka yi ta waje kuma ruwa ya rarake ƙasanta ta karye.

Kaka ga ciwon gwiwa. A layi biyu takan dafa kafaɗata ta tsallaka. A layi uku sai ta zauna bisa bulon, ta ɗaga ƙafa ɗaya da hannu, ta ɗaga ɗayar. Da aka ɗora na huɗu, wata yamma ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, ta juya ɗaki. Daga ranar na zama 'yar aike tsakanin tsofaffin biyu, in kai goro in dawo da gaisuwa, in kai tsegumi in manta rabinsa a hanya.

A hutun wannan shekarar aka tura ni Dapaong wurin Kawu Isifu. Can na ga manoman ƙabilar Moba suna jera duwatsu layi-layi a gicciyen gona, su shuka ciyawa a bayansu, don ruwa ya rage gudu ya shiga ƙasa. Kawu shi ma ya bar tsakar gidansa ƙasa, ya haƙa rami a gindin darbejiya ya cika da tsakuwa, duk ruwan rufin kwano can yake gangarawa. Yakan ce, “Ruwa baƙo ne, in ba ka ba shi masauki ba zai zaɓa da kansa.” Na dawo da ɗokina na zayyana wa Baba. Ya saurare ni tsaf, ya ce lekol ta fara yi mini yawa, in je in wanke tukwane.

Da Mma Asana ta kwanta ciwo, Baba da ƙannensa suka ce za su ɗauki Kaka a kujera su tsallakar da ita, a sake ɗaga ta a ƙofar can. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

“Ɗauka ɗaya ta rage mini a duniya,” ta ce. “Ku jira ranarta. In kuna so in je, ku fasa abin da kuka gina.”

Baba ya ce ta yi haƙuri damina ta wuce tukuna. Mma Asana ba ta kai ƙarshen daminar ba. Kakata daga tsakar gida ta ji salatin masu ɗaukar gawa, tana riƙe da igiyar shanya.

Yanzu a Dapaong nake koyarwa. Ruwa yakan yi latti, in ya tashi zuwa kuma ya juye gaba ɗaya cikin awa guda. Kafin damina nakan bi gida-gida ina fitar da mutane yasar kanibo, ina hana su shafe tsakar gida da siminti, har sun sa mini suna Madam Shebur. Su faɗa, ba na ji. Bara na je Sokode, na tarar an yi wa layinmu babbar magudana, ruwa na wucewa salin-alin, amma ba wanda ya sauke bulonsa, yara ma sun ɗauka haka ake gina ƙofa. Na tsaya a bakin tamu, na taka a hankali zuwa ta Mma Asana ina ƙirgawa. Taku goma sha ɗaya ne kacal.