Man Shanu daga Fakku

Aman nan ba ya sallama, amma yakan turo ɗan aike. Sai in ji yawu ya cika mini baki, gumi ya tsattsafo a goshina, ƙasan haƙarƙarina na dama ya yi nauyi. Daga nan abin da ya rage mini bai fi taku goma ba. Na san taku nawa ne daga allo zuwa bayan aji a firamaren da nake koyarwa a Tambuwal, na san nawa ne daga murhu zuwa magudanar tsakar gida. Idan maƙwabciya ta ɗora suyar ƙosai iska ta kaɗo mini ƙamshin, shi ke nan, na gama cin abincin ranar tun ban fara ba.

Likitan da ya duba ni a Sakkwato, bayan an yi hoto an ɗebi jini har na gaji da miƙa hannu, ya zana mini hanta a bayan takarda ya ja wasu 'yan layuka. Ya ce nan ne hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi ya sauka hanji, nawa sun yi tabo sun tsuke. Na tambaye shi yaushe zan warke, ya gyara zaman gilashinsa ya ce ciwo ne da ake lallaɓawa. Ya hana ni maiƙo, ya ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan, ya rubuta mini ƙwayar hana amai. Ƙwayar nan ta fi ciwon ba ni haushi, don sau da yawa ita ce ke fara dawowa, ko narkewa ba ta yi ba. Na gwada citta, na gwada tsotson lemon tsami, na sha farau-farau mai sanyi cokali-cokali. Abu zai yi mini aiki sati biyu, ranar da na fara yabonsa sai ya juya mini baya.

To amma a wurinmu aman matar aure fassara ɗaya gare shi. Shekarata goma sha ɗaya a gidan Malam, maigidana, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ranar da matan unguwa suka gan ni durƙushe a bakin magudana, ba wadda ta yi mini sannun mara lafiya. Murmushi suka riƙa yi, wata har da cewa Allah ya raba lafiya. Na ce musu ciwon ciki ne, suka ce ai sun sani, ciki kam. Da ina da ƙarfi a lokacin da na jefi wata da buta.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kawuna da ke kawo hatsi kasuwar Tambuwal ya koma da labarin can Fakku, inda mahaifiyata take. Zuwansa na gaba sai ga shi da kwalbar man shanu an toshe bakinta da totuwa, da kaza an ɗaure mata ƙafa. Na tambaye shi me Inna ta ce, ya ce ba ta ce komai ba, ta dai ba shi.

Ba za ta ce ba kuwa. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna tana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan za ta yi maganata sai ta ce “ta Tambuwal”. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, balle a ce ta ɗauko zancen ciki tsakanina da ita. Duk abin da take so ta faɗa mini a kwano take zuba shi. Na kuwa karanta kwalbar nan tsaf: ki ci, ki yi ƙarfi, na ji, na yi murna. Ga matsalar, maganar da ba a furta ba ta yaya ake ƙaryata ta?

Malam ya ce in shirya in je in gaya mata gaskiya. Na ce shi ya je mana, tun da abin da sauƙi. Bai je ba, don ya san suruki da ke cire takalmi tun daga ƙofar gida ba zai buɗe baki ya yi wa uwar matarsa zancen ciki ba. Sai muka ɗora wa ƙanwata, autar Inna, wadda ke iya faɗa mata komai. Ta je ta ce ba juna biyu ba ne, ciwo ne, likita ya gani a hoto. Inna ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ta ce cikin ne ya kwanta, shi ya sa na'ura ba ta gan shi ba, kuma ita ta san matar da kwantaccen cikinta ya shekara uku kafin ya tashi. Kwantacce kuwa abinci mai kyau ke tada shi. Daga ranar kwalba ɗaya ta koma biyu.

Wata tara ya wuce, shekara ta zagayo. Duk lokacin da aman ya tsananta labari ya kai Fakku, Inna sai ta ce ya fara motsi. Ni kuma ina nan ina ramewa, ƙaiƙayi ya hana ni sakat, fatar hannuna duk shaidar farce. Man shanun kuwa Malam ke ci a tuwonsa, har ya yi kumatu, abokansa suna yi masa tsiya wai shi ne mai laulayin.

Zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ban sake aika kowa ya gyara zancen ba, kuma ba kunya kaɗai ta hana ni ba. Daɗi nake ji. Shekara talatin da wani abu ina jiran matar nan ta nuna ta san da ni, sai ga shi duk sati tana tunawa da ni. Akwai ma ranakun da ina cikin kakarin amai, hawaye na zuba, wata zuciyar ke ce mini, ke, in kuma Inna ce mai gaskiya fa? Ina da takardar asibiti a cikin akwati, na yi karatu daidai gwargwado, amma na bar kaina ina wannan tunanin. Har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Da aka yi hutun makaranta bayan kaka sai ta aiko wai in zo gida. Kowa ya san mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu. Malam ya ce wannan ce damar da zan faɗa mata da bakina, na ce to. Sau uku na tsayar da mota kafin mu kai Kebbe, daga can kuma na hau babur ina riƙe da bakina da gefen mayafi. Ina shiga gidan abin da na fara gani shi ne itace, an jibge shi a gindin katanga ya kusa kai tsayina, ga wata ƙatuwar tukunya a kife a kai. Itacen wankan jego ne. Ƙanwata ta raɗa mini cewa tun bara Inna ke tara shi da kanta, ba ta yarda a taɓa ko sanda ɗaya ba. Maganar da na haddace a hanya ta bi iska.

Da azahar ta aje mini kwano a bakin ɗaki, ta koma gefe ta zauna ta ba ni baya tana tsince wake. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, ga cinyar kaza. Na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san sunana. Na kuma san bayan nan da ta juya mini kunne ne gaba ɗayansa, tana sauraren ko hannuna na taɓa kwano. Na yi bisimilla na ci. Na cinye tas, har na suɗe yatsa don ta ji.

Ko la'asar ba a kira ba aman ya zo. Ban taɓa yin irinsa ba. Tuwon ya fita, ruwan da na sha ya fita, aka koma kakari ba abin fitarwa, sai wani ruwa kore shar mai ɗaci da ke ƙona maƙogwaro. Sanyi ya rufe ni rana tsaka, haƙorana suna haɗuwa. Ina durƙushe a bayan rumbu na ji an dafa goshina da hannu mai kaushi, an tallafe ni ta baya. Na ɗauka ƙanwata ce, sai da na ji ƙamshin hayaƙi da daddawa a zanen.

Inna ta daɗe tana kallon abin da ke ƙasa. Matar da ta shekara arba'in tana gyaran kayan cikin kaji da na ragon layya ba za a gaya mata launin matsarmama ba. Ta juyo da fuskata wajen haske, ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa, ta kalle ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Wanga ba laulayi na ba,” in ji ta.

Na ce, “A'a, Inna.”

“Tun yaushe kinka sani?”

Na ce tun farko. Na gaya mata abin da likita ya zana, da tabon, da maganar maiƙo. Ta tambaya a hankali.

“Man da nika aiko maki, shi ka tada shi?”

Na so in ce ba na ci, Malam ke ci. Amma kwanon da na suɗe yana nan a bakin ɗaki, mu duka muna ganinsa. Na sunkuyar da kai. Ta tambaye ni yaushe aka ce zai warke, na ce ba shi warkewa, sai dai lallaɓawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, “To mi kika iya ci?” Na buɗe baki in lissafa mata, na rasa abu ɗaya da zan rantse zai zauna.

Kwana biyu tana gwadawa. Ta dama koko tsararo, ya dawo. Ta yi kunun tsamiya ba sukari, ya dawo. Ta jiƙa gero ta tace ruwan ta ba ni a ludayi, ya ɗan zauna har ta fara sakin fuska, sannan ya dawo. Kowane kwano ta kawo da hannunta, ta ɗauke da hannunta. A rana ta uku idona ya koma ruwan ɗorawa saboda shawara, zazzaɓi ya ƙi sauka, Malam ya ce ta waya a maido ni a wuce asibiti.

Mai babur yana ƙofar gida yana jira. A gidanmu 'ya ba ta fita hannu sake, ko da kuka ce ko daddawa sai an ƙulla mata. Ina tsaye jingine da katanga ina kallon Inna tana zagaye gidan. Ta shiga madafa ta fito. Ta buɗe ƙwaryar gyaɗa ta rufe. Ta ɗauki ƙwai biyu ta juya su a hannu ta mayar. Ta tsaya a tsakar gida hannuwanta a sake, tsohuwa mai rumbu biyu cike da hatsi, ba ta da abin da za ta ba ni. Tausayinta ya kama ni fiye da nawa, kuma ba abin da zan iya yi mata.

Sai ta shiga ɗaki ta sauko da wani kwano mai murfi daga cikin jerenta na aure, wanda ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Ta goge shi da bakin zane ta miƙo mini. Na buɗe, ba komai a ciki.

“Riƙe a cinya,” in ji ta. “Hanyar na da nisa, kada ki yi ta sauka.”

Ba mu kai Kebbe ba na buɗe shi.