Rakiyar da Jirgi Bai Jira Ba

A gidan ɗana da ke unguwar Camberwell a London na tuna da kakata Iya Tabawa, shekarar da kuɗin mai suka cika Najeriya, kowane ɗan ƙasarmu da ke nan yana tattara kayansa yana komawa gida. Shi kuwa Likita, ɗana na fari wanda ba na kiran sunansa, ya ce a asibitin nan zai zauna. Tun da ya faɗa na rufe bakina. Ina amsa gaisuwarsa, amma ban sa wa zaman albarka ba, ga tafiyata Kano ta matso.

Wata yamma bayan magariba muna jin ɗumin wutar gas, sai talabijin ta kawo tsohon hoton London, baƙi da fari. Ga wasu motoci masu bene suna bin ƙarfe a tsakiyar titi, ga wasu da sanduna a ka suna shan wuta daga waya, ga jirgin ƙasa yana aman hayaƙi. Jikokina suna dariyar saurin tafiyar mutanen. Ni wata mata nake kallo, tana bin jirgi da gudu, bakinta yana motsi.

Muna yara a Fagge, in sanyi ya shigo, Iya takan hura kara a tsakar gida, ta sa mana gyaɗa a toka. Ba ta son motsi. In ka yi hamma sai ta yi shiru har ka ji kunya. Labarin da ta fi ba mu ba na dabbobi ba ne, na maƙwabciyarta Hajo ne, lokacin da jirgin ƙasa yake sabo a Kano.

Ɗan Hajo ya nace zai tafi Ikko fatauci, ita ba ta so. Ta yi fushi, amma a ranta ta riga ta yafe. A zamaninsu in ayari zai tashi, ana raka matafiyi a ƙasa har wata tsamiya a bayan gari. A hanya ake hira, a gindin tsamiyar ake neman gafara a sa albarka. Babbar magana ba a faɗinta a gida, sai a ƙarshen rakiya.

Suka je tasha, Iya tana cikinsu. Yaron ya shiga ya leƙo ta taga. Mata suka gyara zani, suna jira jirgi ya soma tafiya su bi gefensa suna hira, yadda ake bin jaki. Hajo ta ɗaure fuska tana ajiye maganarta.

Nan Iya takan tsokane wuta ta ce, "Jirgi ya yi kuka, ya ja. Muka taka. Muka ƙara sauri. Ke, kafin Hajo ta buɗe baki, hayaƙi kaɗai ya rage mana."

Mukan tambaya ko yaron ya dawo. Sai ta ce zazzaɓi ya ɗauke shi a can, mu tashi mu je mu kwanta.

Da nake yarinya na ɗauka labarin ƙauyancin mutanen da ne, har mukan yi dariya. A London na gane. Na ga yadda ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa take rufewa a fuskar mutum yana tsakiyar magana. Ni ma kuma na tsara sai a filin jirgi zan saki fuska.

Na ce wa jikata ta kashe akwatin nan ta kira ubanta. Ya fito daga kicin da tawul a hannu.

"Inna, lafiya?"

"Durƙusa."

Ya dubi 'ya'yansa, ya durƙusa a kan kafet. Na ɗora hannu a kansa, abin da ban yi ba tun yana goye. Na ce zamansa a garin nan na yafe, Allah ya sa albarka a hannun da yake taɓa marasa lafiya da shi.

Ya ce, "Inna, ai tafiyar da saura."

Na ce, "Na sani. Tashi, tuwo yana hucewa."