Ramin Yaya Ilarie

Yayana Ilarie ya yi shekara talatin yana haƙa rami a dusar ƙanƙara, ramin da ba a shuka komai a ciki. Kullum da sassafe in sanyi ya kama, sai ya saɓa shebur ya hau gangaren da ke saman hanyar ƙauyenmu, a duwatsun Făgăraş. Ya haƙa har ƙasa, ya bi hawa-hawan ƙanƙarar da yatsa. In ya tarar da wadda ke wargajewa kamar sikari a ƙarƙashin mai tauri, ya san gangaren na iya zaftarowa. Sai ya sauko ya gicciya sanda a hanya, ba mai wucewa.

Mutane kuwa ba su raga masa ba. Masu kai cuku kasuwa su ce, "Malam Ilarie, yau ma dutsen ya yi maka raɗa a kunne?" Shi ko gezau, sai ya ce, "Ya ce in gaishe ku, ku koma gida ku ci tuwon masara."

Shekarar da innarmu Veta ta kwanta ciwo a ƙauyen tsallake, maƙwabtanta suka bugo waya cewa tana kiran sunayenmu. Na sa takalmi na fito, na iske sandarsa a gicciye.

"Yaya, tafiyar awa ɗaya ce fa."

"Zamfira, sikari ne a ƙasa, kaurin tafin hannu. Jiya na hana mai ɗaurin aure wucewa."

"To wannan uwarka ce."

"Gangaren bai san uwata ba."

Na gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce shebur ne ya haife shi. Ya zauna a kan kututture kusa da sandar, idonsa ya yi ja.

Kwana uku hanya tana rufe. Inna ta cika a rana ta biyu. Ƙanƙarar kuwa ba ta zaftaro ba, ko dunƙule ɗaya. Tana nan zaune har bazara ta narkar da ita, ta bi rafi abinta. Wannan shi ya fi ci mini rai, kuma na san shi ma haka. Aikinsa ke nan: ba ya taɓa sanin ranar da ya ceci rai da ranar da ya tsare mutane a banza.

Na daɗe da yafe masa, ko da yake ban tabbata akwai laifin da zan yafe ba. Tun daga rasuwar Inna, in ya gicciya sanda ba mai yi masa gardama, sai kowa ya cire hula ya juya. Na taɓa ce masa ai yanzu ya huta da tsiyar masu cuku. Ya daɗe yana kallon gangaren.

Ya ce, "Na san abin da suke tunawa in sun yi shiru. Gara su zage ni kamar da."