Kwanciyar da Ta Ci Bayan Baba

Baba ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙashin kwankwasonsa ya karye. Ya ba saba'in baya, an hana shi hawa, bai ji ba. Zamanin Anasara ne. Ni na so a kira maɗori, amma ƙanena da ya dawo daga soja ya kafe sai gidan likita na Dogon Dutsi. Maza huɗu suka ɗauke shi a gadon kara.

Likitan Anasara yana Dosso, sai wata-wata yake leƙowa. Mai riƙe da wurin wani anfirme ne, wato ma'aikacin jinya, baƙi kamar mu, Hausa a bakinsa, amma in yana taku sai ka rantse shi ya haifi kumandan, Anasaran da ke mulkin ƙasar. Ya kwantar da Baba rigingine a kan katako da tabarma, ya ɗaure masa ƙafa, ya rataya mata buhun yashi.

"Kwana arba'in," in ji shi. "Kar shi motsa. Wanda duk yat taɓa shi, gardi za su ji da shi."

Mu da muka ga gardi, 'yan sandan Anasara, sun zane dattawa a kan aikin hanya, wa zai ce a'a?

Inna ta riga ta rasu, jinya ta faɗo kaina, ni kuwa 'yar fari ce. A wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya haɗa ido da ita. In ajiye masa fura, in juya baya har ya sha. Ƙanena ke tura masa kasko ta ƙarƙashin mayafi, ya wuce gona. Ba wanda ya ga bayan Baba, shi kuma ko da wasa ba zai gaya mini inda ke masa ciwo ba.

A kwana na goma wari ya fara. Na sami anfirme na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, tsohon ga shina wari."

"Wane ɗan ƙauye ne ba shi wari? Tahi ki ba ni wuri."

Ko ɗakin bai leƙa ba, la'ananne.

Ran kwana ashirin da uku ina shara na ga tsutsa ta faɗo daga ƙarƙashin katakon. Na yar da tsintsiya, na kwance igiyar ƙafar, gardi su zo su kashe ni. Da na juya shi, tabarmar ta taso da naman bayansa. Rami ne da hannuna zai shige. Ran nan Baba ya fara yi mini magana baki da baki.

"Ɗiyata, ruhe ni."

Bayan kwana biyu likitan ya iso. Ya duba, fuskarsa ta yi ja, ya dinga faɗa da Faransanci. Anfirme ya juyo gare ni ya ce, "Ya ce ƙazantarki taj ja." A gaban mutane. Na haɗiye, na yarda ni na kashe ubana.

Ƙanena yana tsaye a wurin, yana jin Faransanci sarai. Baba bai tashi daga wannan kwanciya ba. Sai da muka binne shi ƙanena ya gaya mini gaskiya. Ashe anfirmen ne likita ke zagi. Cewa ya yi tsoho ba a barinsa kwance wuri ɗaya, juya shi ake yi safe, rana da yamma, a goge masa baya. Abin da ko makaho zai iya. Kwana tara ƙanena ya bar ni da wannan a zuciya don tsoron anfirme mai farar riga.

Ran sadakar uku anfirmen ya zo gaisuwa, ina jinsa ta bayan darni.

"Allah shi jiƙan shi. Amma ƙashin ya kama, na duba."

Maza suka ce amin, har da yi masa godiya. An yi mini wa'azi har malamai sun gaji, ban yafe masa ba. Ƙanena kuwa har ya mutu ban ƙara cin tuwon gidansa ba.