Injin Busar da Tumatir

Ni ne mai riƙe makullin ɗakin da jami'a ta ware wa ɗalibai masu fara sana'a. A ciki akwai injin busar da tumatir. Wata 'yar ƙauyen Mugulbu da ta gama karatu a wurinmu ta samu izinin aiki da shi. Ta kwaso tumatirin gonar mahaifinta a keke napep, tana murna.

Na hana ta shiga, don an ce mini manyan baƙi na tafe, kada injin ya yi datti.

Ta ce, "Baba, kayan nan ba za su kai jibi ba."

Na ce, "'Yata, sai sun tafi."

Baƙin suka yi ta ɗaga zuwa. Tumatirin ya ruɓe a bakin ƙofa, ni na wanke wurin. Da suka iso, aka ɗauke su hoto gaban injin da babu komai a ciki, ana ta tafi.

Ba ta sake dawowa ba. Duk lokacin da na ga hoton nan a bango, zuciyata tafasa take yi. Shugabannina ne suka ba da umarni, amma makullin a aljihuna yake.