Mita ɗaya da ashirin a bangon Malama Rabi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Malama Rabi, wadda ta ƙarar da ƙarfinta tana koya wa yara lissafi a wata firamare a unguwarmu ta Maamobi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan dafa abinci in raba sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Abin da na gani a bayan gidanmu na gado har yanzu bai bar ni na huta ba, kuma gara in faɗa a jarida kowa ya ji da in zauna yana cina.

Waɗanda suka zauna ajinta sun san ba ta yarda da haddar baki ba. Yaro ya miƙe ya rera mata cewa santimita ɗari ne mita ɗaya, sai ta ce to madalla, zo ka nuna mini mita ɗayan a jikinka. Takan shigo aji da ledar ruwan sha ta ɗora wa yaro a tafin hannu, ta ce wannan rabin lita ne, leda nawa za su cika bokitin gidanku? Takan aiki yara kasuwar Nima su auno gari a olonka, gwangwanin nan da muke awo da shi, su dawo su ɗora a sikeli su ga kilo nawa ne. Iyaye har ƙorafi suke yi wai ta mayar musu da 'ya'ya 'yan aike. Ita kuwa ko a jikinta.

Amma babban allonta shi ne bangon bayan gidanmu, wanda ke kallon gota, babbar magudanar ruwan da ta ratsa unguwa. Tsakanin bangon da gotar akwai wani ɗan fili da ba wanda ya taɓa gini a kai tun zamanin mahaifinmu. Duk damina idan gota ta cika ta tumbatsa, ruwa kan bar shatinsa a jikin bangon. Da ƙasa ta ɗan tsane, sai Yaya ta kwaso 'yan ajinta, ƙafa duk taɓo, su auna daga ƙasa zuwa shatin, su ja layi da ƙusa, su rubuta da fenti. Wata shekara santimita sittin, wata tamanin da ɗoriya. Shekarar da ruwa ya yi mana mummunan ta'adi, layin ya kai ɗari da ashirin. Ta sa suka mayar da shi mita ɗaya da santimita ashirin, suka rubuta da jan fenti, manya-manya.

Daga nan take ƙago musu tambayoyi. Idan ruwa ya kai mita ɗaya da ashirin, mutum kuma ya ɗaga daɓen ɗakinsa santimita hamsin, ruwa nawa zai kwanta masa a ɗaki? A cikin yaran akwai wani Awudu, ɗan maƙwabtanmu, wanda kafin ta rufe baki ya ba da amsa. Kai, Yaya ta so yaron nan! A gidanmu yake cin abinci, ni da hannuna na ɗinka masa kayan makaranta, don ɗinki ne sana'ata. Takan ce mini, Habiba, ki sa ido, wannan yaron zai gina wa mutanenmu na unguwannin Zango gidajen da ruwa ba zai ci ba.

To, ya zama magini kam, har da ƙaramar kwangila da mota. Bayan rasuwarta aka raba gado, 'yan'uwanmu suka sayar da filin bayan gida, Awudu ya saya. Na ɗauka shago zai yi, ko wurin ajiye bulo. Bara ina zaune a shagona sai na ji wai ɗakunan haya ya jera a wurin, ya jingina su da bangon Yaya, ya shafe layukan da siminti, ya bi da fenti mai ruwan ƙwai. Da rani ya gama, da rani ya zuba 'yan haya, kuma bai ba kowa ba sai 'yan matan arewa masu dakon kaya a ka, waɗanda ake ce wa kayayo. Ya san sarai ɗan unguwa ba zai kwana a wurin ba ko kyauta aka ba shi. Baƙi ya nema, waɗanda ba su taɓa ganin gotar nan ta fusata ba.

Na ɗauki tef ɗina na je na auna daɓen da kaina. Santimita talatin daga ƙasa. Na same shi a bakin titi yana sa a sauke yashi, na ce, "Awudu, ɗari da ashirin a ɗebe talatin, saura nawa?"

Wallahi ko ɗar bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Casa'in mana, Mma. Ai ban manta karatun Malama ba."

Na ce, "To ruwan casa'in za ka kwantar da 'ya'yan mutane a ciki?"

Ya ce, "Mma, ba kowace shekara yake kaiwa can ba. In na ɗaga daɓe sama da mita, bulo da cikon ƙasa za su cinye ribar. Sai dai mu yi addu'a."

Addu'a! Tir da wannan baki. Da ce mini ya yi ya manta, da na yafe masa, don mantuwa ta ɗan Adam ce. Amma ya lissafa tsaf, ya san amsar, ya ajiye ta gefe ɗaya ya ajiye ribarsa gefe ɗaya, ya zaɓa. Na tofar da yawu a gabansa na juya, abin da ban taɓa yi wa ɗan kowa ba.

Kullum ina jin iyaye suna kuka wai yaran yanzu ba su iya mayar da giram kilo sai sun danna waya. Gaskiya ne, kuma da Yaya tana nan da ta yi faɗa a kan haka har muryarta ta dushe. Amma na tabbata ba wannan ne zai karya mata zuciya ba. Ita ta yi imani cewa duk wanda ya san awo ba zai cuci mutum ba, don ya ga girman cutar da idonsa. A kan wannan imani ta jure zafin aji da ƙorafin iyaye. Idan aka tambaye ni me ya rage nata bayan shekara tara, zan ce lissafin ya rage, daram, a kan ɗaruruwan mutanen Nima da Maamobi. Teloli, kafintoci, masu sayar da magani, duk suna aiki da shi, da yawansu kuma cikin amana, Allah ya saka mata. Sai dai tsoron Allah da take haɗawa da shi, shi kam bai zauna a kan kowa da kowa ba, kuma wanda ta fi ƙauna shi ya fara zubar da shi.

Na kai maganar wajen manyan unguwa, aka ce za a zauna. Har yau ana zama. Ga hadari ya fara haɗowa ta wajen teku da yamma, a watan Yuni kuwa gota ta fi tumbatsa. Don haka ranar Juma'ar da ta wuce na je ɗakunan da kaina, in gaya wa matan nan gaskiya. Wadda na tarar sunanta Sanatu, ta dawo daga Circle, babbar mahaɗar motocin nan, da kwanon dakonta, tana wanke wa 'yarta Fati ƙafa a bakin ƙofa. Na ce mata ta nemi wani ɗaki. Ta ce ta riga ta biya hayar gaba, kuma mai gida ya ce ba a mayarwa. Na ce to duk ranar da sama ta yi baƙi, ta kwaso yarinyar ta hauro shagona. Ta ce ta gode, amma ruwa ba ya sallama kafin ya shigo.

Sai ta ce, "Mma, wannan casa'in da kike faɗi, ni ban yi makaranta ba. Nuna mini."

Na ja tef daga daɓe na bi jikin ƙofa, na dafa yatsana a kan casa'in. Fati ta ɗauka wasa ne, ta taho da rangaji ta tsaya a wurin tana mini dariya. Kanta bai kai yatsana ba.

Sanatu ta daɗe tana kallon tazarar da ke tsakanin gashin yarinyar da hannuna. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ɗago ta ce, "Mma, ke da kika san awo, yaro yana ƙara tsawo nawa kafin watan Yuni?"

Na naɗe tef ɗina.